Neman shawara: yaya zan tsara databes na ɗaliban Islamiyyarmu?

Abu_Hafsa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke riƙe da rajista da lissafin kuɗin makaranta a wata Islamiyya, kuma komai a Excel nake yi, fayil ɗaya, kowane ɗalibi layi ɗaya: suna, aji, sunan uba, lambar waya, sai kuɗin zango na ɗaya, na biyu, na uku. Da lafiya lau, amma yanzu yara sun yi yawa abin ya fara cakuɗe min. Masu suna Aisha Muhammad kaɗai sun kai biyar, wani lokacin sai kuɗin wannan ya tafi gaban waccan. In uba ya canza lamba kuma sai na bi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya ina gyarawa, ga masu biya kaɗan-kaɗan alhali gurbi ɗaya ne na ware wa kowane zango. An ce min in koma databes, wato ma'ajiyar bayanai da ake tsarawa tebur-tebur. To wace manhaja zan fara da ita, kuma yaya ake tsara teburan? Laftof ɗina ta kwana biyu, data ma sai a hankali.

Sadiq_Injiniya:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin ka sauke kowace manhaja ɗauko biro da takarda tukuna. Excel ba cika ta yi ba, shafinta ɗaya yana ɗaukar layi 1,048,576, matsalar ita ce ka zuba abubuwa daban-daban a tebur guda. Ɗalibi abu ne daban, waliyyinsa daban, biyan kuɗi ma daban, to kowanne a ba shi teburinsa.

waliyyai: lamba, suna, waya, unguwa
dalibai: lamba, suna, jinsi, ranar_haihuwa, lambar_waliyyi
biya: lamba, lambar_dalibi, shekara, zango, adadi, rana

Wannan "lamba" da ke farkon kowane tebur ita ce ginshiƙin aikin, a SQL, wato yaren da ake ba databes umarni da shi, ana rubuta mata PRIMARY KEY. Kamar lambar katin asibiti take, ko mutum goma ne masu suna iri ɗaya katinsu ba ya zama ɗaya. Kar ka yarda ka yi amfani da suna a wannan matsayi, haka lambar waya, tunda yara huɗu 'yan gida ɗaya za su iya zuwa da lamba guda, kuma waya ana canza ta. Bar manhajar ta riƙa ba da lambar da kanta, 1, 2, 3, kuma in an ba yaro ta zama tasa ke nan ko bayan ya yi sauka.

Sai ka lura a teburin dalibai ban sa sunan uba ko wayarsa ba, lambarsa kawai na sa, ita ce FOREIGN KEY, wato tana nuni zuwa ga layinsa a teburin waliyyai. Ranar da ya canza waya wuri ɗaya za ka gyara, duk 'ya'yansa sun samu. Haka biya, duk lokacin da aka kawo kuɗi sabon layi ne, ko sau shida aka biya a zango ɗaya babu damuwa, kuma ga ranar kowanne a rubuce in an zo ana musu. Kowane bayani a rubuta shi sau ɗaya tak a wuri ɗaya, sauran teburan su riƙa nuna shi da lamba. Wannan tsarin ya daɗe, Edgar Codd ne ya fito da shi a kamfanin IBM tun 1970, kuma har yau a kansa manhajojin databes irin su MySQL da PostgreSQL da Oracle suke tafiya, don haka in ka iya shi sau ɗaya duk inda ka je zai yi maka aiki.

Ummu_Khalil:
Malam Sadiq ya gama magana, sai dai zan ƙara tebur biyu. Kar ka sa aji a cikin teburin dalibai, domin baɗi in yaro ya ci gaba ka goge ka rubuta sabo, shi ke nan tarihin ajin da ya yi bara ya tafi. Yi teburin azuzuwa, sannan wani na rajista mai ɗauke da lambar_dalibi, lambar_aji da shekara.

Maganar manhaja kuwa ni SQLite zan ce, ka haɗa da DB Browser for SQLite, wadda da ita za ka riƙa buɗe teburan kana gani, duk kyauta ne kuma ba su da nauyi. SQLite ba ta buƙatar saba (server, kwamfutar da ake ware wa ajiyar bayanai) ko intanet, databes ɗin gaba ɗaya fayil ɗaya ne da za ka iya kwafa a filash. Kuma kar ka raina ta, tana cikin kowace wayar Android da iPhone. Abu ɗaya dai, ita ba ta tilasta FOREIGN KEY sai an kunna, umarnin shi ne PRAGMA foreign_keys = ON, in ba haka ba za ta karɓi biyan ɗalibin da babu shi ma a rajista.

Sannan don Allah lambar waya ka ajiye ta a matsayin rubutu, TEXT, in ka sa ta a lissafi sifirin farko na 080 zai ɓace. Kuɗi kuma INTEGER, cikakkiyar naira, banda waƙafi banda alamar naira. Rana ka rubuta shekara, wata, rana, kamar 2025-01-15, ta haka ne za ta jeru daidai.

Kabiru_Kafe:
Hajiya ban ƙi taki ba, amma a duba waye zai riƙa shigar da bayanan kullum. In Malam ya yi tafiya wani malamin ne zai karɓi kuɗi, shi kuma ba zai rubuta SQL ba. Shi ya sa ni na fi son Microsoft Access ga irin wannan aiki, ka yi fom mai kyau, mutum ya zaɓi sunan yaro ya sa adadi ya danna, har rasit za ta fitar. Iyakar fayil ɗinta 2GB ne, Islamiyya kuwa ba za ta cika shi nan kusa ba. In babu kuɗin lasisi ga LibreOffice Base kyauta, ita ma tana da fom. MySQL dai ka bar ta sai ranar da kuke son iyaye su riƙa duba sakamako ta intanet. Teburan da aka zana maka ba za su canza ba ko wacce ka ɗauka.

Abu_Hafsa:
Allah ya saka muku da alheri, wallahi na fahimta sosai. Na zana teburan biyar a takarda. Tambaya ɗaya ta rage, a ina zan sa gurbin "saura", wato bashin da ake bin kowane yaro? Shi hedimasta ya fi tambaya.

Sadiq_Injiniya:
Amin Malam. Kar ka yi masa gurbi ko kaɗan. Duk abin da za a iya lissafowa daga wasu bayanan ba a ajiye shi, don wata rana za a shigar da biya a manta ba a rage saura ba, sai ka ga lissafi biyu suna saɓa wa juna ba ka san na gaskiya ba. Tambayar databes ɗin za ka riƙa yi:

SELECT d.lamba, d.suna, COALESCE(SUM(b.adadi), 0) AS jimla
FROM dalibai d
LEFT JOIN biya b ON b.lambar_dalibi = d.lamba AND b.shekara = 2025 AND b.zango = 1
GROUP BY d.lamba, d.suna;

Wannan zai ba ka jimlar abin da kowa ya biya a zangon, sai a cire daga kuɗin ajinsa. Ka kula LEFT JOIN na sa da gangan, in ka sa JOIN zalla waɗanda ba su biya ko sisi ba ba za su fito ba sam, alhali su hedimasta yake nema. Kuɗin kowane aji kuma tunda yana canzawa, yi masa ɗan ƙaramin tebur mai lambar_aji, shekara, zango da adadi, don ƙarin kuɗin bana kar ya taɓa lissafin bara. Ka fara gwadawa da yara goma kafin ka kwashe duka daga Excel, kuma duk Alhamis in an tashi ka kwafi fayil ɗin a filash ka ajiye shi wani wuri daban da laftof ɗin. In ka rubuta CREATE TABLE ɗinka, wato umarnin ƙirƙirar teburan, turo nan mu duba maka.