Gwiwar da na murɗe shekara 6 baya ta dawo tana kumbura, wai guringuntsi ne ke cinyewa

Ɗan Kurna:
Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara 6 da suka wuce na murɗe gwiwa a wajen ƙwallo, har na ji wani ɗas a ciki, kafin isha'i ta kumbura suntum. Mai ɗori ya ja ya ɗaure, bayan wata biyu na koma harkokina. To yanzun in na daɗe a zaman tahiya ko na hau bene sai ta kumbura tana ƙas-ƙas, na yi hoto likita ya ce guringuntsi ne ya fara cinyewa. Shekarata 31 fa. Ciwon da ya warke tuntuni ya za ai ya dawo? Wlh abin yana hana ni barci.

Mai gashin ƙashi:
Wa'alaikumus salam, sannu ɗan uwa. Gaskiya zafin ne ya tafi amma gwiwar bata warke ba. Wannan ɗas ɗin da kumburin nan take galibi jijiyar tsakiyar gwiwa ce ta tsinke, wadda ake ce ma ACL, kuma ɗori baya haɗa ta. Shi guringuntsin kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, ba jini a cikinsa ba jijiyar jin zafi, daga ruwan gaɓa yake cin abinci kamar soso, a matsa ya fitar a saki ya tsotsa, shi yasa in ya ji rauni baya tofowa kamar fata kuma kai baka ma san yana lalacewa ba.

Ranar da ka murɗe jini ya taru a gaɓar, jiki ya turo sinadaran kumburi, su kuma suna sa a saki wasu sinadaran da ke yayyanka zaren da ya riƙe guringuntsin. Ga gwiwa ta yi sako-sako tana gogar inda bai kamata ba, ɓurɓushin da ya goge ya sake tada kumburi, kumburin ya ƙara ci, haka dai. Kusan rabin waɗanda jijiyar nan ta tsinke musu suna samun amosanin gaɓa cikin shekara 10 zuwa 20.

Maman 'yan biyu:
Allah ya baka lafiya ƙanina. Ni dai don Allah kar ka maida maganin kashe zafin nan diclofenac abincinka, mahaifiyarmu haka ta yi ta sha kullum saboda gwiwa har sai da ya taɓa mata ciki, ance yana illa ga ƙoda ma. Kuma kar ka yarda a maka tsaga a wajen.

Ɗan Kurna:
Amin yaya, na gode. To malam in daina motsa ta kenan gaba ɗaya?

Mai gashin ƙashi:
A'a, kwanciya ma yunwa take sa wa guringuntsin tunda sai da motsi yake samun abinci. Ka yi keke, tafiya a hankali, da atisayen ƙarfafa naman cinya, ƙwallo dai a dakata tukuna. In akwai ƙiba a rage, duk kilo 1 kusan kilo 4 yake ɗora wa gwiwa a kowane taku. Sannan ka je asibitin ƙashi na Dala ka nemi a duba maka jijiyar da MRI, wato hoton da ke nuna har jijiya da nama, hoton ƙashi na yau da kullum baya nuna ta.