Wai wa ke da alhakin gyaran tsofaffin kwatas ɗin gwamnati a Abuja?

Maman_Hanifa:
Salam jama'a, dan Allah masu sani ku taimaka min. Haya muke a ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen ma'aikatan nan na Garki, bene ne mai fulat shida, mu ne a can sama. Tunda damina ta kankama kwano ke yoyo, silin ɗin ɗakin yara ya kumbura ya yi baƙi ƙirin da fumfuna, ga bututun bayan gida da ke saukowa ta bayan ginin ya tsage na ƙasa sai masifa suke mana kamar mu muka fasa, lambatun bakin titi ma ya toshe ruwa na shigowa har ƙasan matakala. Mai gidan ya ce shi fulat ya saya ba rufi ba. To wa za mu kai wa kuka ne, kansila ko ciyaman ko wa? Tunda ai gwamnati ce ta gina.

Baba_Ritaya:
Wa alaikumussalam 'yata. Gwamnati ce ta gina, amma ta daɗe da zare hannunta. Lokacin Obasanjo a 2003 aka kawo tsarin nan na biyan ma'aikaci kuɗin gida a cikin albashi maimakon a ba shi kwatas, daga nan aka shiga sayar da gidajen gwamnatin tarayya na Abuja zamanin El-Rufai yana minista. Kafin nan in famfo ya lalace hukuma ce ke turo ma'aikatanta, ko da za su ja ƙafa dai suna zuwa. Da aka sayar sai kowa ya riƙe ƙofarsa, rufi da matakala da bututun da kowa ke amfani da shi suka zama marayu. Ƙaramar hukuma kuwa ba ta taɓa mallakar gidajen nan ba balle ta gyara. Maganar mai gidanku wayo ne kawai, rufin na masu fulat shidan ne gaba ɗaya, har na ƙasa da ruwa bai taɓa zubo masa ba. Ba tuwona ba ne ba miyata ba, shi ya kashe rabin benayen Garki da Wuse.

Barista_Sadiq:
Baba ya faɗi gaskiya, amma Hajiya ki raba matsalar uku don ba ƙofa ɗaya za ki buga ba. Rufi da silin tsakaninku ne da mai gida, ki ɗauko yarjejeniyar haya ki duba, yawanci babban gyara na jikin gini a kansa yake, ɗan haya ƙananan abubuwa ne nasa irin su kan famfo da ƙwan fitila. Bututun da ke jikin bene na masu ginin ne har zuwa inda ya haɗu da babban layi, don Garki ba sokawe ake ba, layin ƙarƙashin ƙasa ne ke kwashe ƙazanta zuwa matatar Wupa, shi wannan babban layin da shara AEPB, wato hukumar kare muhalli ta Abuja, ke kula da su. Lambatu ne inda abin ke da ruɗani. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da tituna da magudanan ruwa da fitilun titi, kuma Garki a ƙarƙashin AMAC take, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 6 na Abuja, sai dai a cikin gari FCTA mai gudanar da babban birnin tarayya da FCDA mai raya birnin ne ke riƙe da galibin waɗannan ayyuka. Saboda haka ku rubuta wa ɓangarorin biyu, AMAC da kuma su FCTA ɗin, da hotuna, da sa hannun kowa a benen, kuma kar ku baro ofis sai an buga hatimi a kwafinku. Ƙorafin baki ba ya shiga fayil.

Ummi_Kubwa:
Ni abin da ke ba ni haushi, wajen karɓar harajin gida da kuɗin shara babu wanda ke ɓata hanya, takarda za ka tarar an manna a get. Yayata a Ingila take, can kansil ɗin, wato ƙaramar hukumarsu, shi ne mai gidan a wasu gidajen marasa ƙarfi, shi ke karɓar haya shi ke gyara, kuma bayan rasuwar wani yaro ɗan shekara 2 a Rochdale a 2020 saboda fumfunar ɗaki sai da aka yi doka a 2023 mai tilasta wa masu irin gidajen gyara cikin wa'adi. Su ma ba wai ba sa sakaci ba, amma aƙalla an san wuyan wa za a kama. Maman Hanifa ki fitar da yaran daga ɗakin nan tukuna, fumfuna na tayar da asma wallahi.

Danladi_Gwarinpa:
Aunty Ummi ki bar batun Ingila, nan Najeriya ce. Mu a layinmu ƙungiyar mazauna muka kafa, kowane gida na zuba wani abu duk wata, mutum biyu ke sa hannu kafin a cire ko sisi, da shi muke yashe kwata kafin ruwan farko. Kansila amfaninsa ɗaya ne, ya ɗauki takardarku ya bi muku ita, kuma ya fi jin magana in kun je a ƙungiyance musamman in zaɓe ya matso.

Maman_Hanifa:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Barista to in muka kira kafinta ya canza kwanon da kuɗinmu za mu iya cirewa a kuɗin haya?

Barista_Sadiq:
Kar ku cire da kanku Hajiya, zai iya cewa ba ku cika haya ba ya ba ku notis. Ku tura masa kiyasin kafinta, ya amince a rubuce ko da ta WhatsApp ne cewa a cire, sannan ku ajiye rasit ɗin kwano da na ƙusa da na aiki. Shi kuma ya je ya karɓi kason sauran masu fulat biyar ɗin.