Na girma a cikin ikilisiya, amma shin ni Kirista ce?

Tambaya:

Salama a gare ku, 'yan'uwa. A gidan Kirista aka haife ni, an yi mini baftisma tun ina jaririya, ba na fashin sujadar Lahadi, ina ba da zakka, ina kuma cikin ƙungiyar mawaƙa. Kwanakin baya wata ƙawata ta tambaye ni yaushe na ba da gaskiya ga Yesu, sai na rasa ta cewa, domin duk abin da na iya lissafa mata ayyukan da nake yi ne. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Ashe duk shekarun nan aikin banza na yi?

Wani dattijon ikilisiya:

'Yata, mai tsaron kurkuku na Filibi ya riga ki yin wannan tambaya. A Ayyukan Manzanni sura 16, da ya tambayi Bulus da Sila abin da zai yi ya sami ceto, ba su ɗora masa azumi ko baiko ba, sun ce masa ya gaskata da Ubangiji Yesu, baftismarsa kuwa ta biyo baya a daren nan. Haka ma Ibrahim, wanda Bulus ya nuna a Romawa sura 4 cewa an lasafta masa bangaskiyarsa adalci tun kafin a yi masa kaciya, kaciyar ta zo daga baya a matsayin hatimi. Saboda haka ki zauna ki tambayi zuciyarki: da a ce gobe muryarki ta dushe, hannunki kuma babu abin bayarwa, da me za ki tsaya a gaban Allah? Idan amsarki ita ce mutuwar Almasihu da tashinsa, to, bangaskiyar tana nan, sunanta ne kawai ba ki saba kira ba.

Wata 'yar'uwa 'yar Katolika:

Baba, na yarda da kai, amma kada mu sa ta raina baftismarta. A wurinmu baftisma ba al'ada ba ce, aikin alherin Allah ne, wasiƙar Yakubu sura 2 kuma ta kira bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya. Wannan gardama a kan bangaskiya da ayyuka ta daɗe, tun daga Martin Luther, wanda ya ƙalubalanci koyarwar Katolika a 1517, har zuwa Majalisar Tirent, taron shugabannin Katolika, da ta zauna tsakanin 1545 da 1563, sai dai a 1999 Katolika da Lutarawa, wato mabiya Luther, sun sa hannu a birnin Augsburg na Jamus a kan cewa ta wurin alheri ake karɓar mutum, ba don cancantarsa ba, ayyuka nagari kuwa su ne 'ya'yan da ke biyo baya.

Wani ɗan'uwa:

Ƙawarki ta matsa miki a inda bai kamata ba. Timoti ya san Nassi tun yana yaro a hannun kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki, Bulus kuma ya yaba da sahihiyar bangaskiyarsa ba tare da ya ambaci wata rana da Timoti ya ba da gaskiya ba.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai. Baba, tambayarka ta hana ni barci jiya, domin na gane cewa da waƙar nake taƙama. Zan karanta Romawa sura 4 a natse, sannan in nemi fastonmu bayan sujada.