Baƙin tabo a tafin ƙafa: shawarwarin 'yan zaure

Malam Umaru: Assalamu alaikum. Likitocinmu, ana yawan cewa baƙar fata ba ta kamuwa da kansar fata. Gaskiya ne? In mutum ya ga baƙin tabo yana ƙara faɗi a tafin ƙafa, ina zai dosa a nan Sakkwato?

Dakta Sanusi: Wa alaikumus salam, Malam. Ba gaskiya ba ne. Melanoma, wato kansar fata da kan fito kamar baƙin tabo, ba ta da yawa a cikinmu, amma in ta kama mu ta fi yin kisa. A Amurka, cikin baƙar fata 100 da aka gano suna da ita, kusan 70 ne ke kai shekara 5 a raye, Turawa kuwa sun haura 90. Babban dalili shi ne ba a gano tamu sai ta yi nisa. Irin wadda ta fi kama mu ba ruwanta da zafin rana: tafin ƙafa take fitowa, ko diddige, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce, wuraren da ba wanda ke dubawa.

Sista Hadiza: Ga abin da za a lura da shi. Tabon da gefensa ba daidai ba, kala biyu ko uku a haɗe, faɗinsa ya wuce milimita 6, ko yana canzawa cikin watanni. A farce, baƙin layi a yatsa guda, musamman babban yatsa, da ya kai milimita 3 ko baƙin ya malalo kan fatar gindin farce. Mutanenmu da yawa suna da siraran layuka a farce da dama, wannan ba komai. Sannan gyambon diddige da ya ƙi warkewa, kada a tsaya kan cewa faso ne ko ciwon suga, domin wata ma ba ta da baƙi ko kaɗan. Tsofaffi a riƙa duba musu ƙafa lokacin alwala.

Hajiya Rabi: Dakta, to in an kai wa wanzami ya yanke fa?

Dakta Aliyu: Hajiya, don Allah kada a yi. Ba yanka, ba sakiya, ba ƙonawa a kemis. Zurfin tabon ake aunawa a madubin likita, kuma shi ke tsara dukkan magani. In aka yanke aka yar, an rasa wannan awon, saiwar kuma tana nan. A je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sashen fata ko tiyata. Ƙaramin tabo ana cire shi gaba ɗaya da 'yar tazara ta milimita 1 zuwa 3, a saka naman cikin fomalin (ruwan maganin da ke hana shi ruɓewa) nan take, a kai ɗakin gwaji. In ta tabbata melanoma ce, sai a koma a ƙara yanka: zurfi bai wuce milimita 1 ba, tazarar santimita 1, ya wuce milimita 2, santimita 2. A diddige sau da yawa sai an yi dashen fata, a farce wani lokaci sai an cire gaɓar yatsa. A nan ne iyalai ke gudu da mara lafiya, su dawo bayan ta bazu.

Dakta Sanusi: Kuma lallai a taɓa matsematsi. Kaluluwa mai tauri marar zafi a ɓangaren ƙafar, to sai hoto da gwaji.

Famasis Bello: Wadda ta bazu akwai allurai masu zaburar da garkuwar jiki, pembrolizumab da nivolumab. Tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma irin ta tafin ƙafa ba ta jin su kamar wadda rana ke jawowa. Duk wanda aka yi wa aikin, ya karɓi takardar sakamako a hannunsa, ya tabbatar an rubuta zurfin da milimita, kuma an faɗi ko gefen yankan ya fita tsaf.

Malam Umaru: Allah ya saka da alheri. Sista, bayan aiki sau nawa ake komawa?

Sista Hadiza: Galibi duk wata 3 zuwa 6 a shekarun farko, gwargwadon zurfin. A gida kuma duk wata a duba tabon aikin da matsematsi.