Yaya kuka sami zaman masu barin giya a kusa da ku?

Mai Neman Mafita: Salamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwana 19 rabona da kwalba. Likitan da ya duba ni ya ce magani kaɗai ba zai riƙe ni ba, in nemi zama da waɗanda suka sha irin wannan fama. To ta ina zan fara? Kuma ba zan ɓoye muku ba, babban tsorona in shiga in yi kiciɓis da idon sani.

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da ƙoƙari. Ni wata ma'aikaciyar jinya ce ta rubuta min rana da lokacin zaman AA, wato Alcoholics Anonymous, ƙungiyar mashaya masu taimakon juna su daina sha, a bayan takardar magani. Takardar nan ta yi wata biyu a aljihuna har ta fara yagewa. Sau uku ina zuwa bakin ƙofa ina juyawa. Ran nan ma tsallaken titi na tsaya ina ƙirga masu shiga, wai ko zan ga sun yi kama da mashaya. Ba su yi ba, mutane ne tsaf-tsaf.

Da na daure na shiga, sai na tarar da kujeru a zagaye, kowa sunansa na farko kawai yake faɗa. Babu rajista, babu kuɗin shiga, ana dai zagayawa da ɗan kwando, wanda ya ga dama ya saka. Sharaɗinsu ɗaya ne: kana son daina sha. Da layi ya zo kaina na ce yau saurare zan yi, aka wuce ni ba wanda ya ko ɗaga gira.

Maganar idon sani kuwa, ta same ni. Wani da muka taɓa aiki tare na gani a kujerar gaba. Gabana ya faɗi, shi ma nasa ya faɗi. Abin da ya kawo ni shi ya kawo shi, wa zai tona wa? Shekara shida ke nan, ko a hanya muka haɗu gaisuwa ce kawai.

Uwar Biyu: Ni ba na sha, maigidana ne. Na raka shi ranar farko aka ba ni haƙuri a ƙofa, na koma gida raina a ɓace. Ashe zaman iri biyu ne: buɗaɗɗe, wanda kowa zai iya halarta, da rufaffe na masu matsalar kaɗai. Ku duba wannan a jadawali kafin ku ɗauki rakiya. Matar da ta tare ni ɗin ce ta nuna min Al-Anon, ƙungiyar iyalan mashaya da ta samo asali tun 1951. Can na koyi daina binciken jakarsa kullum dare.

Nesa Da Gari: Yaya, ku kun ji daɗi. Ni adireshi na gani a intanet, na yi tafiyar awa biyu na tarar da ƙofa a garƙame, ashe zaman ya tashi daga wurin tuni. In akwai lambar waya a jadawali, a kira tukuna. Yanzu ta Zoom nake shiga, kuma akwai manhajar Meeting Guide, sai dai ba ko'ina take nuna zama ba. Amma in faɗi gaskiya, na intanet yana da rami: na taɓa kashe kyamara ina saurare ina kurɓa.

Ba Na Rufa-Rufa: Ku yi haƙuri, ni AA ba ta karɓe ni ba. Matakinsu na farko cikin matakai 12 da suke bi shi ne ka amsa cewa ba ka da ƙarfi a kan giya, ni kuwa kalmar ƙara karya min gwiwa take yi. Na koma SMART Recovery, wadda aka kafa a 1994. Su a kan dabarun shawo kan ƙawar sha da gyaran tunani suke aiki. Wani abokina kuma zancen "Ƙarfi Mafi Girma" da matakan AA ke cewa a dogara da shi ne ya tsaya masa a rai, sai ya bi Millati Islami, masu matakai 12 bisa tsarin Musulunci.

Tsohon Hannu: Ba laifi, ɗan'uwa. AA kanta da hirar mutum biyu ta fara a 1935 a garin Akron na Amurka, Bill W. da Dakta Bob. In dai ka sami wanda zai ɗaga wayarka ƙarfe biyun dare, sunan ƙungiyar ba ya damuna.

Mai Aikin Dare: Ga masu karantawa da ba su daina ba tukuna: wanda ya daɗe yana sha da yawa kada ya yanke farat ɗaya shi kaɗai. Karkarwa da jijjiga da gane-gane kan taso daga 'yan awoyi zuwa kwana uku bayan dainawa, kuma suna iya kisa. Asibiti tukuna, sannan zama.

Mai Neman Mafita: Na gode muku duka. Na kira lambar, wani ya ɗaga ya ce zai jira ni a bakin ƙofa, kuma ya jira. Ban ce uffan ba a ciki, hannuna ma rawa yake yi. Da aka tashi mutum uku suka rubuta min lambobinsu. Ɗakin ya min zafi, wani kuma ya cika surutu, don haka ranar Alhamis zan gwada wani zaman. Kwana 23.