Shawarwarin masu daji a Ingila kan kutse da harbi

Masu ƙananan dazuzzuka a Ingila sun fi nanata abu ɗaya: kafin ka biya kuɗin sayen daji, sa lauya ya duba takardun filin. Wani lokaci haƙƙin farauta yana hannun wani dabam, sai ya shigo ya harbi barewa a dajinka, ba ka da ta cewa. Wannan kam da ciwo.

Wanda ya shigo ba izini, a lallaɓa shi ya fita, kada a taɓa shi. Amma in da bindiga a hannunsa, laifi ne a dokar bindigogi ta 1968, a kira 'yan sanda. Hanyar jama'a da ta ratsa dajin ba a toshe ta. Sare itatuwa da yawa kuwa, sai da lasisi.