Mama ta daina allurar suga saboda wani mai warkarwa, ku ba ni shawara

Mai tambaya, daga Jidda:
Salama 'yan'uwa. Shekarata uku ina aikin gida a nan Jidda, duk wata ina tura wa Mama kuɗin magani a Kafanchan, don ta daɗe da ciwon suga. Wata biyu da suka wuce maƙwabciyarta ta ja ta zuwa wani taron warkarwa. Mai wa'azin, wanda suke kira annabi, ya ɗora mata hannu ta faɗi, ya ce ta warke, wai komawa ga allura rashin bangaskiya ne. Ya sayar mata da ruwa a gora mai hotonsa da ɗan man zaitun. Kuɗin allurar insulin da na tura can suka tafi, wai shuka iri, wato baiko don samun albarka. Jiya muna waya ta bidiyo na ga ta rame, ga kofin ruwa a gefenta tana ta kurɓa, babban yatsan ƙafarta ɗaure da tsumma. Da na yi magana ta ce in daina yi mata baki. Fasfona yana hannun uwar ɗakina, ba halin tafiya. Barci ya gagare ni.

Ma'aikaciyar jinya, Riyad:
'Yar'uwa, yatsan nan ya fi komai tayar mini da hankali. Rama da yawan ƙishirwa alama ce sugan ya hau sosai. Ciwon yana kashe jijiyoyin ƙafa, mutum ba ya jin zafi har gyambo ya ci ciki, daga nan sai maganar yanke ƙafa. A kai ta asibiti yau, ba gobe ba. Ki daina tura kuɗi hannunta, ki tura wa wanda zai sayo maganin ya turo miki hoton rasit. A saya mata na'urar gwajin suga, ta ga lambar da idonta.

Ɗan'uwa daga Dammam:
Ni ma Kirista ne, kuma na yarda Allah yana warkarwa. Amma wannan kasuwanci ne. Tun a ƙofa yaransu suke tambayar mutum damuwarsa, anjima annabi ya faɗe ta kamar wahayi. Kiɗa da ihun jama'a sukan sa mutum ya manta ciwo na ɗan lokaci, nan take a karɓi shaidarsa, ba mai komawa bayan wata guda ya duba shi. Ko T.B. Joshua na Legas, da ya rasu a 2021, binciken BBC na Janairun 2024 ya kawo tsoffin almajiransa suna cewa shirya mu'ujizan ake yi, ko da yake cocin ta musanta. A dajin Shakahola na Kenya kuwa, gawa sama da 400 aka tono tun daga 2023, mabiyan Paul Mackenzie da aka sa su azumi har mutuwa. Ki tuna wa Mama cewa Luka da ya rubuta Bishara likita ne, yana nan a Kolosiyawa 4:14. A Matiyu 10:8 kuma kyauta Yesu ya ce a warkar, ba da kuɗi ba. Ki kira faston cocinta na asali ya je gidan da kansa, shi za ta fi ji.

Hajiya, daga Makka:
'Yata, mu ma muna fama da masu tsubbu irin haka, na ga wadda ta bar maganin hawan jini saboda rubutun sha. Kada ki zagi mutumin a gabanta, ƙara riƙe shi za ta yi. Ki lallaɓa ta, ki ce ta ci gaba da addu'arta ta haɗa da allura, ai Allah ya ce tashi in taimake ka. Ki yi mata kuka ma in ya zo, uwa ba ta jure hawayen ɗa.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka. Na kira kawuna, ya yi alkawarin zuwa da faston gobe da sassafe su kai ta asibiti. Anti mai jinya, in ta ƙi shiga mota, akwai abin da za a yi wa yatsan a gida kafin nan?